Sabulu ko NMP, Bilenda ko Injin Sauti: Wace Hanya Za Ka Bi Ka Ciro Girafin Daga Girafayit?

Duk wanda ya taɓa rubutu da fensir ya taɓa ɓare girafayit. Baƙin da ke tsakiyar fensir girafayit ne da aka cakuɗa da yumɓu, shi kuwa girafayit shafuka ne na kabon a jere kan juna kamar littafi. Zanen da fensir yake bari a takarda wasu daga cikin shafukan ne suka zame. Tazarar shafi da shafi nanomita 0.335 ce, wato a kaurin milimita ɗaya akwai shafi wajen miliyan uku. Shafi guda idan ya rabu da 'yan'uwansa, shi ake kira girafin. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka raba shi da salatif a Jami'ar Manchesta, aikin da ya ba su lambar Nobel a 2010. Sai dai salatif ɓarɓashi yake bayarwa, wanda sai da madubin ƙara girma za a gan shi. Mai son ya cika kwalba, ya haɗa tawada, ko ya zuba a siminti ko roba, dole ya koma ga ruwa, wato ya zuba garin girafayit a ruwa ya ɓare shi da inji.

Da ɗalibin digiri na biyu ko na uku nake magana, da mai ƙaramin ɗakin gwaji, wanda aka ce ya rubuto jerin abin da za a sayo alhali kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Zaɓi biyu ne a gabanka: wane ruwa, kuma wane inji. Na fi ba na farko muhimmanci, domin nan aka fi yin asara.

Abin da sabulun yake yi

Injin ne yake raba shafukan. Aikin ruwan shi ne ya hana su komawa su manne. Ruwa zalla ba ya iya wannan, saboda tsaurin fuskarsa, wato ƙarfin da saman ruwan yake riƙe kansa da shi, ya kai milinyutan 72 a kowace mita, girafin kuwa ya fi zama lafiya a ruwan da tsaurinsa yake kusa da 40. Ka kaɗa girafayit a ruwa zalla ka ajiye, kafin ka dawo daga salla ya taru a gindin kwalba.

Sinadarin sabulu yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa. Wutsiyar takan kwanta a kan shafin girafin, kan ya fuskanci ruwa. Idan kan yana ɗauke da cajin lantarki, kowane shafi sai ya sami caji iri ɗaya da na maƙwabcinsa, su riƙa ture juna. Idan ba shi da caji, dogayen silili ne suke fitowa daga jikin shafin kamar gashi, su tare hanya. A nan cinikin yake: wannan rigar da ta hana shafuka haɗuwa a cikin kwalba, ita ce za ta hana lantarki tsallakawa daga shafi zuwa shafi bayan ka busar. Sinadarin da ya fi riƙe girafin da ƙarfi shi ya fi wuyar wankewa.

Ma'aunan da za a bi

Na farko, kuma wanda ya rinjayi sauran: ina girafin zai je bayan ya fito? Idan lantarki zai ɗauka, kamar a tawada ko na'urar gano sinadari, wankuwar sabulun ita ce komai. Idan cikin roba ko siminti za a zuba, ɗan abin da ya rage a jikinsa ba lallai ya dame ka ba.

Sai yawa, wato miligiram nawa ke cikin kowace mililita bayan an cire gundarin da bai ɓare ba. Sai inganci: kaurin shafukan da faɗinsu. A ƙa'idar da aka fi bi, abin da ya wuce shafi goma ya fita daga sahun girafin, ya koma siririn girafayit. Sai daɗewa, kwana nawa ruwan zai yi bai kwanta ba. Sai kuɗi da samuwa, sai haɗari ga mai aiki da magudanar ruwa. Na ƙarshe, wanda takardun Turai ba sa damuwa da shi amma mu ya dame mu, awa nawa ake bukatar wuta ba yankewa.

NMP: abin da ake auna kowa da shi

NMP ba sabulu ba ne, ruwan sinadari ne da ake narkar da abubuwa a ciki, amma ba a yi adalci idan aka bar shi a waje. Da shi rukunin Jonathan Coleman na Kwalejin Trinity da ke Dublin suka buɗe wannan fage a 2008, suka sami kimanin miligiram 0.01 a mililita. A 2010 suka kai 1.2, amma bayan awa 460, wato sama da kwana 19, a injin sauti, mai girgiza ruwa da sauti mai ƙarfi. Tsaurin fuskar NMP ya dace da girafin, don haka ba a bukatar ƙara komai, kuma shafukan suna fitowa sirara, ba lahani mai yawa.

Matsalarsa biyu. Ba ya tafasa sai ya kai digiri 202, saboda haka cire shi daga girafin aiki ne, kuma yakan bar saura. Na biyu ya fi muni: yana shiga jiki ta fata, kuma yana cutar da ɗan tayi. Tarayyar Turai ta tsaurara dokar amfani da shi tun daga Mayun 2020. Ɗan'uwansa DMF, mai tafasa a digiri 153, shi ma guba ne ga hanta da haihuwa. Idan ɗakin gwajinku ba shi da akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki, ba wanda yake a ajiye don a nuna wa baƙi ba, kuma ba ku da wurin tara gurɓataccen ruwa, ni dai ban ga dalilin sayen ko lita ɗaya ba. Ga tsada, ga wahalar shigowa da shi.

Sodiyum kolet

Daga ruwan matsarmamar shanu ake samo shi, kuma aikinsa a jikin dabba shi ne narkar da kitse. Siffarsa ta bambanta da ta sauran sinadaran sabulu: ba doguwar wutsiya gare shi ba, a faffaɗe yake kamar faifai, fuska ɗaya mai son ruwa, ɗaya mai gudunsa. Shi ya sa yake kwanciya lif a kan shafin girafin.

A 2010 rukunin Dublin suka kai miligiram 0.3 a mililita da shi, bayan awa kusan 400 na sauti. Matsakaicin shafi ya kai ninki huɗu, tsawonsa kusan maikiromita ɗaya. Shekara guda kafin nan, Alexander Green da Mark Hersam na Jami'ar Northwestern a Amurka sun yi amfani da shi wajen ware girafin gwargwadon kaurinsa a injin juyi mai tsananin gudu, wanda ke wulwula ruwa har mai nauyi ya kwanta ƙasa.

Abin da ya sa na fi karkata gare shi ba yawan da yake bayarwa ba ne, domin akwai waɗanda suka fi shi. Ƙaramin ƙwayar sinadari ne, yana narkewa sosai, don haka idan ka tace girafin a kan takardar tacewa ka bi shi da ruwa mai yawa, mafi yawansa yana fita. Kumfarsa kaɗan ce, abin da ba za ka san darajarsa ba sai ranar da kumfa ta cika maka kofin bilenda. Haɗarinsa ƙalilan ne. Kuma an yi aiki da shi sosai, duk sakamakon da ka samu akwai abin da za ka kwatanta da shi. Aibinsa kuɗi: giram ɗinsa ya fi na SDS, wani sinadarin sabulu mai caji, tsada nesa ba kusa ba, kuma sai an yi oda. Abin da ke sanyaya rai shi ne ɗan kaɗan ake sa wa, ƙaramar kwalba tana iya kai ɗalibi ƙarshen aikinsa.

SDBS da SDS

SDBS, sinadarin sabulu mai caji, shi ne aka fara gwadawa a 2009, lokacin da aka nuna ruwa da sabulu suna iya maye gurbin NMP. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan sun fito ƙasa da ninki biyar, kimanin kashi 3 kuma shafi ɗaya tak. Danginsa ne jigon omon da ake wanki da shi, shi ya sa yake da araha. Yana da zoben benzin a jikinsa, wanda ke taimaka masa riƙe fuskar girafin. SDS kuwa kusan kowane sashen kimiyyar sinadarai ko na halittu yana da shi a kabad.

Dukansu biyu masu kumfa ne ƙwarai. Kuma akwai kuskuren da sababbin shiga suke yi, na zaton idan sabulu ya yi yawa girafin zai yi yawa. Akwai iyakar da idan aka wuce, ƙwayoyin sabulun sukan daina neman girafin su dunƙule da junansu. Ga SDS iyakar tana wajen milimola 8.2 a lita. Sau da yawa abin da ya fi kyau yana ƙasa da wannan iyaka ko kusa da ita, idan ka zarce kuwa sai yawan girafin ya ragu.

Raunin duk masu caji, har da kolet, shi ne gishiri. Gishirin da ke cikin ruwa yana rufe cajin da ke ture shafukan, kalsiyam kuma yana kama SDS ya kwantar da shi. Kada ka yi wannan aiki da ruwan rijiyar burtsatse, kada ka yi da ruwan leda. Sai ruwan da aka tace ta tururi ko aka cire wa gishiri. Wanda ya sayi sinadari mai tsada ya zuba a ruwan famfo ya yi ɗan gidan jiya.

Marasa caji: Pluronic, Tween 80, Triton X-100

A 2011 wasu masana a cibiyar binciken kabon ta Obiyedo a Sifaniya suka jera sinadaran sabulu iri-iri suka gwada. Marasa caji ne suka yi gaba, Pluronic P-123 a kansu, da kusan miligiram ɗaya a mililita cikin 'yan awoyi. A 2012 Shannon Notley a Ostareliya ya nuna wata dabara: maimakon a zuba sabulun gaba ɗaya tun farko, a riƙa ɗiga shi ana cikin aiki, domin kowane sabon shafi da ya buɗe yana shanye wanda ke cikin ruwan. Da haka ya kai wajen miligiram 15 a mililita.

Idan yawa kake nema, ga su nan. Gishiri kuma bai cika damunsu ba, tunda ba da caji suke aiki ba. Amma dogayen sililin nan suna naɗe girafin, wankewa da ruwa ba ta isa, sau da yawa sai an gasa a tanda mai zafi a cikin iskar da ba ta da iskar shaƙa. Zafi ma yana taɓa su: ruwan Triton X-100 yakan yi hazo ya rabu idan ya kai wajen digiri 65, injin sauti kuwa dumama ruwa yake yi. Triton yana da wani aibi daban, idan ya ruɓe a ruwa yana barin sinadarin da ke rikita halittar kifi, shi ya sa Tarayyar Turai ta sa shi cikin waɗanda sai da izini tun Janairun 2021. Tween 80 shi ne mai laushin cikinsu, har a abinci da magani ana sa shi.

Sabulun wanke-wanke, da CTAB a taƙaice

A 2014 rukunin Dublin suka yi girafin da bilendar kicin ta Kenwood da sabulun wanke kwanuka na Fairy Liquid, kuma ya yi. Labarin ya zaga duniya, da yawa suka ɗauka an gama. Abin da ya rage a faɗa shi ne sabulun kanti haɗi ne na sinadarai da turare da launi da gishiri, kuma kamfani yana iya sauya haɗin ba tare da ya sanar da kowa ba. Ya isa a nuna wa 'yan aji yadda abin yake. Bai isa a gina kundin digiri a kai ba, domin ranar kare aiki za a tambaye ka mene ne a jikin girafin ɗinka.

CTAB shi ma sinadarin sabulu ne, amma cajinsa kishiyar na SDS ne. Yana da amfani idan kana so girafin ya manne da wani abu mai kishiyar caji, amma yana kashe ƙwayoyin halitta. In ba ka da wannan bukata takamaimai, wuce shi.

| Ruwa | Yawa | Wankuwa | Jure gishiri | Kuɗi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| NMP | Mai kyau | Da wuya, ba ya saurin bushewa | Ba ruwansa | Tsada | Babba |
| Sodiyum kolet | Matsakaici | Da sauƙi | Rauni | Tsada, amma kaɗan ake sa wa | Ƙarami |
| SDBS, SDS | Kaɗan zuwa matsakaici | Matsakaiciya | Rauni | Araha | Ƙarami, yana ƙaiƙayin ido da fata |
| Pluronic, Tween 80 | Mai yawa | Da wuya | Ƙarfi | Matsakaici | Ƙarami |
| Triton X-100 | Mai yawa | Da wuya | Ƙarfi | Matsakaici | Yana gurɓata ruwa |
| Sabulun kanti | Ba tabbas | Ba tabbas | Ba tabbas | Kusan kyauta | Ƙarami |

Injin

Injin sauti mai baho shi ne wanda ake wanke kayan gilashi da shi, kuma yawancin ɗakunan gwaji suna da shi. Sautin yana haifar da ƙananan kumfa da suke fashewa su daddage shafukan. Yana da araha da sauƙi, amma ka tuna waccan awa 400. Ƙarfinsa ma ba ɗaya ba ne a ko'ina cikin bahon, kwalbar da ke tsakiya da ta gefe ba za su ba ka abu ɗaya ba, haka idan ruwan bahon ya ragu ko ya yi zafi. Ga wanda wutarsa take zuwa awa uku ta ɗauke, wannan hanya ce ta cin man janareta. Kuma tsawon lokaci yana ƙara yawa ne yana rage faɗi, shafukan suna kakkaryewa.

Injin sauti mai sanda, wanda ake tsoma bakinsa cikin ruwan kai tsaye, yana yin aikin kwanaki cikin awoyi. Ya fi tsada sosai, sai an kewaye kofin da ƙanƙara, ƙararsa tana bukatar abin toshe kunne, kuma bakin taitaniyam ɗin yana cinyewa a hankali ya zuba cikin kayanka. Ƙaramin adadi yake iya ɗauka.

Injin kaɗawa mai ƙarfi shi ne ya sauya lissafi. A 2014 rukunin Coleman, tare da kamfanin Thomas Swan na Ingila, suka nuna cewa ba sai da sauti ba: muddin saurin zamewar ruwa ya wuce 10,000 a daƙiƙa, shafukan za su rabu, kuma ana iya yin haka a tanki mai ɗaruruwan lita. Bilenda ƙanwar wannan injin ce. Ana kunna ta minti ɗaya a kashe ta huta, in ba haka ba moto ya ƙone. Ruwa da sabulu kaɗai za ka zuba mata, NMP yana cin roba. Kuma bilendar da ta sha girafayit ta bar kicin ke nan, kada a sake markaɗa kayan miya da ita.

Akwai injin da ke tura ruwan ta siririn rami da matsi mai tsanani. A 2017 masana a Kambirij suka kai giram 100 a lita da shi, suka yi tawada mai ɗaukar lantarki sosai, ko da yake yawancin shafukan masu kauri ne. Kuɗinsa ya fi ƙarfin irin ɗakin gwajin da nake magana a kai.

Duk wanda ka zaɓa, injin juyi wajibi ne. Shi ne yake jefa gundarin da bai ɓare ba ƙasa, ka kwashe na sama. Juyi 500 zuwa 2,000 a minti ya wadatar a matakin farko, idan ka ƙara gudu sai ka sami shafuka sirara amma ƙanana kuma kaɗan. Kada ka zubar da na gindin. Abin da ke ɓarewa a zagaye ɗaya kashi kaɗan ne cikin ɗari, sauran ana sake kaɗa shi.

Baƙin ruwa ba shaida ba ne

Girafayit da aka niƙa ma baƙi ne. A 2018 masana a Singafo, da Novoselov a cikinsu, suka gwada kayan kamfanoni 60 da ke sayar da abin da suke kira girafin, suka tarar yawancinsu ba su kai kashi 10 cikin 100 na ainihin girafin ba. Idan masu masana'anta haka, ina ga ɗalibi mai bilenda? Ka tanadi kuɗin gwaji tun kafin ka sayi sinadari. Ana auna yawa da na'urar haske a nanomita 660. Na'urar Raman, mai haska leza a kan abu don gane tsarinsa, tana nuna alamu uku a ma'auninta, wajen 1350 da 1580 da 2700: ta farko tana faɗar lahani da yawan gefuna, siffar ta ƙarshe tana ba da haske kan kauri. Idan jami'arku ba ta da ita, ka nemi inda za ka aika tun yanzu.

Shi kansa girafayit ɗin ma a duba. Mai faffaɗan ɓawo, mai tsabta, shi ya fi bayarwa. Akwai girafayit a ƙasar Birnin Gwari a Jihar Kaduna, kuma bincike a kansa abu ne mai kyau, amma ɗanyen dutse yana zuwa da yashi da sauran ma'adinai, sai an wanke shi tukuna, wannan kuwa aiki ne mai zaman kansa. Ka fara da na saye, ka san hannunka ya faɗa, sannan ka gwada na gida. Garinsa yana tashi, yana ɗaukar lantarki, don haka ka rufe hanci, ka nisanta shi da kwamfuta da soket.

Wa zai ɗauki me

Mai son tawada ko siririn fim mai ɗaukar lantarki, ko na'urar gano sinadari: sodiyum kolet, da injin sauti mai sanda idan akwai, sannan tacewa da wanki mai yawa.

Mai zubawa a siminti, fenti ko roba mai narkewa a ruwa: Pluronic ko Tween 80 da injin kaɗawa. Ruwan siminti cike yake da kalsiyam, masu caji za su kwanta tun kafin a gama cakuɗawa. A kula da kumfa kawai, domin iskar da ta maƙale tana rage wa siminti ƙarfi.

Mai aiki da ƙwayoyin halitta: Pluronic ko Tween 80, ba CTAB ba, ba NMP ba.

Mai nazarin ainihin halayen girafin, wanda ke da akwatin zuƙe hayaƙi da safar hannu da ta dace: NMP. Mace mai juna biyu kada ta kusance shi.

Ɗalibin da kuɗinsa kaɗan ne, wutarsa ba tabbas: SDBS ko SDS na kabad ɗin sashe, ruwan da aka tace ta tururi, bilenda sabuwa da aka rubuta wa suna, da injin juyi na aro. Abin da ya rage na kuɗin ya tafi ga gwajin Raman.

Malamin da ke son nuna wa 'yan aji: sabulun wanke-wanke da bilenda, a ajiye kwalba biyu a tebur, ɗaya da sabulu ɗaya babu, a dawo washegari a duba gindinsu.